Yadda ake nemo rim ɗin aloi na waje da zai zauna wa motarka, da lissafin kuɗinsa

Yawancin masu shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman rim, da hoto a waya suke zuwa. Sun ga wata mota ta yi kyau, suna son irin nata. Mai shago kuwa ba zai ƙi ciniki ba, zai ƙirga ramuka ya ce biyar ne, naka ma biyar ne, zai hau. Daga nan rigima ke farawa, domin yawan ramuka abu ɗaya ne cikin lambobi biyar da dole su dace kafin rim ya zauna daidai. Da lamba ake sayen rim ɗin aloi, wato na alminiyam, zane yana zuwa daga baya. Kuɗinsa na gaskiya kuma shi ne abin da ka kashe har ya hau mota ta tashi ba rawa, wanda sau da yawa ya ninka abin da aka faɗa maka a bakin shago.

Fara da motarka kafin ka taka kasuwa

Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda da ke nuna girman tayar da kamfani ya sa, da iskar da ake ba ta. Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da wata takardar kusa da ita mai nuna nauyin da aksil na gaba da na baya ke ɗauka, an rubuta GAWR. Ɗauki hoton duka biyun. Sannan a kwance taya ɗaya a wurin mai faci, a juya bayan rim ɗin. Za ka ga rubutu irin wannan: 16x6.5J ET45. Lamba 16 faɗin da'irar rim ɗin ne a inci, 6.5 faɗinsa daga leɓe zuwa leɓe ta ciki, J siffar leɓen, ET45 kuma nisan fuskar da ke manne da hob, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a jikinsa, daga tsakiyar rim ɗin, milimita 45. Wannan shi ne awon da Camry ta 2007 zuwa 2011 ke zuwa da shi a inci 16, kuma da ita za a riƙa misali a nan saboda yawanta a hanyoyinmu.

Lamba ta gaba ita ce tsarin ramuka, wadda ake rubutawa PCD. Idan aka ce 5x114.3, ana nufin ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Camry, Sienna, Highlander, Lexus RX da Honda Accord daga 2003 duk 5x114.3 ne. Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2019 kuwa 5x100 ce, shi ya sa rim ɗin Camry ba ya hawa mata duk da cewa duka Toyota ne. Corolla ta Turai ta farkon shekarun 2000 ramuka huɗu ce, 4x100. Mercedes da Golf 5 zuwa sama 5x112, Golf 4 kuma 5x100, tsofaffin BMW 5x120, Peugeot 406 da 307 su 4x108, Hilux da Prado 6x139.7, Land Cruiser 100 da 200 kuma 5x150.

Idan ba a rubuta ba, aunawa ake yi. A mai ramuka huɗu ko shida, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa kai tsaye. A mai biyar babu ramin da ke fuskantar wani, don haka a auna tsakanin tsakiyar ramuka biyu maƙwabta a ninka da 1.701. Milimita 58.8 na nufin 5x100, 65.8 na nufin 5x112, 67.2 na nufin 5x114.3. Dubi yadda na biyun ƙarshe suka yi kusa. A nan ake cutar mutane: rim ɗin Mercedes zai iya shiga bol ɗin Camry da ɗan turawa, amma kowane noti a karkace zai zauna, yana lanƙwasa bol ɗinsa. Watanni kaɗan bol ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a tsaye yake tsinkewa ba, a kan gudu ne. Haka ma wanda aka kai wa mai walda ya faɗaɗa ramukan. Kada ka karɓa ko kyauta ne.

Sai ramin tsakiya, wanda ke zama a kan wuyan hob. Na Camry milimita 60.1 ne, Corolla mai 5x100 nata 54.1, Accord 64.1, Nissan da yawa 66.1, Hyundai da Kia 67.1, Golf 57.1, Mercedes 66.6, Peugeot 65.1, Hilux 106.1. Rim mai ƙaramin rami ba zai shiga ba sam, shi ya sa na Accord ke hawa Camry amma na Camry ba ya hawa Accord. Kamfanonin da ke ƙera rim don kasuwa sukan yi ramin da girma, galibi 73.1, don ya shiga motoci da yawa, sai a cike gibin da zobe. Mai Camry zai nemi zobe huɗu masu awon 73.1 zuwa 60.1, na roba mai tauri ko na alminiyam. Abu ne mai arha, amma rashinsa ne ke sa sitiyari ya riƙa karkarwa a gudun kilomita 90 zuwa 110 a awa, a yi ta komawa balansi ba a gane bakin zaren ba.

Maganar ET, da girman da ya dace da hanya

Idan lambar ET ta ragu, rim yana fitowa waje. Idan ta ƙaru, yana shigewa ciki wajen shoka da birki. Lissafinsa ba wuya. A ce za ka bar 6.5J ET45 ka koma 7.5J ET40. An ƙara faɗi inci ɗaya, wato milimita 25.4, rabi waje rabi ciki, 12.7 kowane ɓangare. ET ya ragu da 5, don haka komai ya matso waje da milimita 5. Ke nan leɓen waje ya fito da 17.7, na ciki ya matsa wa shoka da 7.7. Sai ka koma jikin mota da rula ka ga ko akwai wannan sararin, ka tuna kuma cewa mota tana zama idan an yi mata lodi. Abin da bai taɓa madigadi ba kana kai kaɗai, zai goge shi ranar da aka cika ta da iyali da buhun shinkafa a but. Ga ƙaramar mota, kada ET ya yi nisa da na kamfani fiye da milimita 5 zuwa 10. Wanda ya fito waje sosai yana ƙara wa boris wahala, yana kuma sa sitiyari fizga a hanya mai gargada.

Idan rim ya ƙara girma, dole gefen taya ya ragu don tsawon ƙafar gaba ɗaya ya tsaya yadda yake. Tayar 215/60R16 gefenta kashi 60 cikin ɗari na 215 ne, wato milimita 129. Ninka biyu, ƙara inci 16 da aka mayar milimita 406.4, ka samu 664.4. Tayar 215/55R17 tana ba da 668.3, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ta dace. A inci 18, 235/45R18 tana ba da 668.7. Ga mai 205/55R16, wadda tsawonta 631.9 ne, abokiyarta a inci 17 ita ce 225/45R17 mai 634.3. Muddin bambanci ya wuce kashi 3 cikin ɗari, agogon gudu zai yi maka ƙarya, giya ma za ta canza yadda take shiga.

Amma lissafi ya yarda da abu ba ya nufin hanya ta yarda. Gefen taya shi ne matashin da ke tsakanin rim da bakin rami. Daga 129 a inci 16 ya koma 118 a inci 17, ya koma wajen 106 a inci 18. Wanda ke yawo cikin Abuja kawai zai iya ɗaukar 18. Wanda ke bin hanyoyin ƙauye ko titin da damina ta cinye, ƙarin inci ɗaya ya ishe shi, kuma babu laifi ya tsaya a girman kamfani ya canza zane kawai. Rim ɗin ƙarfe idan ya daki rami lanƙwashewa yake yi, a buga shi da guduma a ci gaba da tafiya. Aloi mai arha tsagewa yake yi.

Iri uku ne a kasuwa, ko da an jera su wuri ɗaya

Akwai na asali da aka ciro daga motocin waje, wanda ake kira Beljiyam ko tokumbo. A bayansa za ka ga tambarin kamfanin motar da lambar kaya. Idan lafiyayye ne, shi ya fi kwanciyar hankali, domin awonsa na motar ne. Akwai na kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Enkei, Rays da Work na Japan, BBS da Borbet na Jamus, OZ na Italiya, sababbi ko na hannu. Sai sababbin da ake kwaikwayon zanen waɗannan, mafi yawa daga Sin, waɗanda suka fi cika shaguna. A cikinsu akwai nagari akwai na banza, kuma ƙyalli ba ya bambanta su.

Yadda aka ƙera shi ne ke yanke farashi. Mafi arha shi ne wanda aka narka alminiyam aka zuba a mazubi. Sama da shi akwai wanda bayan zubin aka murza gangar jikinsa da zafi har ta yi siriri ta ƙara ƙarfi. Mafi tsada shi ne wanda aka matse daga dunƙulen alminiyam da injin mai ƙarfin gaske, ba nauyi ga juriya. Idan aka nuna maka rim mai sunan Rays TE37, wanda matsattse ne, a farashin na zubi, kwaikwayo ne. Ɗaga shi ma zai gaya maka, don na kwaikwayo ya fi nauyi.

Nemi tambarin JWL da VIA, alamun gwaji na Japan, ko lambar KBA ta Jamus. Sai dai masu kwaikwayo ma suna zuba JWL a jikin nasu, don haka tambari shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne nauyin da rim ke ɗauka, wanda ake rubutawa a baya, misali 690KG. Raba GAWR mafi girma na motarka biyu, lambar rim ɗin ta kai haka ko ta fi. Masu Sienna, Highlander da Hilux su fi kula da wannan, musamman Sienna da ramukanta ɗaya da na Camry amma nauyinta ya fi. Rim ɗin da babu awo, babu nauyi, babu ranar ƙira a bayansa, a bar wa mai shi.

Inda ake nema

A gida, ban da Ƙofar Ruwa da Panteka, akwai Apo a Abuja, Ladipo da kasuwar ASPAMDA a Legas, da Nkpor kusa da Onitsha. A Gana akwai Abossey Okai a Accra da Suame Magazine a Kumasi. Jiji da Facebook suna da amfani wajen sanin yadda farashi ke tafiya kafin ka fita. Rubuta awonka a takarda, ka tambaya da shi: inci 17, 5x114.3, faɗi 7 ko 7.5, ET 40 zuwa 45. Mai shagon da ya ji haka ya san ba baƙo ba ne, kuma yaran da ke tare mutane a bakin kasuwa, waɗanda la'adarsu a kanka za ta hau, sukan ja baya.

Daga waje, sababbi ana samunsu a Alibaba da 1688, na hannu a eBay, da Up Garage da Yahoo Auctions na Japan ta hannun wakili, ko a unguwannin masana'antu na Sharjah idan kana da mai zuwa Dubai. Kafin ka tura ko sisi, a aiko maka hoton bayan kowane rim daban, rubutun ya fito, da bidiyon kowanne yana juyawa idan na hannu ne. A rubuta awon duka a takardar ciniki. Ka lura da saitin da na baya ya fi na gaba faɗi, an yi shi ne don motoci masu ja da baya irin su BMW da Mercedes, bai dace da Camry ba. A shagunan intanet kuma farashin da ke rubuce sau da yawa na guda ɗaya ne, wani lokacin ma na wanda zai sari da yawa.

Duba na hannu

Sabon fenti a tsohon rim abin tuhuma ne. A wanke shi, a kai shi rana. Tsagewa ta fi fitowa a leɓen ciki, don shi ne ba shi da yatsun da ke tallafe shi, sai gindin yatsu da kewayen ramukan noti. Shafa hannu a gangar ciki: tudu, ko wurin da aka goge da giranda, alamar walda ce. Walda tana kashe taurin da aka ba alminiyam da zafi a masana'anta, gefen ɗinkin ya yi laushi, ya sake tsagewa kusa da wurin. Ramin notin da ya zama kamar ƙwai ya nuna an yi tafiya da shi a kwance. Mai ruwan azurfa da ya fara ɓarewa a mazaunin taya zai riƙa sace iska kullum.

Ido ba ya ganin ƙaramar lanƙwasa. A ɗora kowanne a injin balansi ba taya, a kafa alli ko sukudireba kusa da leɓe, a juya a hankali. Idan gibin yana buɗewa yana rufewa fiye da milimita ɗaya, a ciki ko a waje, ya lanƙwashe. Bayan an sa taya, wanda ya nemi dalma mai yawa, kamar giram 60 zuwa sama a gefe ɗaya, a juya tayar a kan rim a sake gwadawa, in bai ragu ba a canza shi. Sannan a gwada ɗaya a ƙafar gaba kafin a biya: a juya da hannu a ga yatsu ba sa taɓa kan birki, a bar aƙalla milimita 3, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Ka ajiye kafin alƙalami bisa sharaɗin gwaji, kada ka biya duka.

Lissafin kuɗi

Farashin rim na bin dala, don haka a dala ake lissafi, a mayar naira da canjin ranar. Ga misali da lambobin da aka ɗauka don nuna hanya, kai ka sa naka. A ce rim inci 17 dala 55 ne, huɗu 220. Kai shi sito na wakilinka a Guangzhou, a ce 20. Kwalin inci 17 yana kai kimanin santimita 48 da 48 da 24, wato 0.055 na kubik mita, awon wurin da kaya ke ci, huɗu 0.22. Jirgin ruwa da wannan awon yake caji. Idan wakili ya ce dala 300 kowace kubik mita har da fito da kaya, naka 66 ne, sai dai wasu suna da mafi ƙarancin abin da suke karɓa. Jirgin sama da kilo yake caji, kuma yana ɗaukar wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma, wanda ake samu ta ninka tsawo da faɗi da tsayi a raba da 6000. Kwalin nan zai ba da 9.2, sikeli kuma wajen 11, don haka kilo 44 za ka biya. A dala 8 kowane kilo, 352 ke nan, ya fi kuɗin kayan. Shi ya sa rim na zubi ba ya biyan jirgin sama.

Tambayi wakili a fili ko kuɗinsa ya haɗa da kwastan. Rim yana ƙarƙashin lambar kaya 8708.70, kuma ban da harajin shigowa akwai VAT na kashi 7.5 a Najeriya. Mai shigo da yawa da sunansa zai buƙaci takardun shigo da kaya, wato Form M da takardar SONCAP, wanda saiti ɗaya bai kai wahalarsa ba, gara a bi ta masu haɗa kaya a kwantena. Ƙara kuɗin mota daga Legas zuwa garinku. Kuma idan daga waje za ka kawo, sayi biyar. Ranar da ɗaya ya fashe, ba lalle ka sami irin zanen a ko'ina ba, sai ka sake saiti.

Sauran abin da ake mantawa su ne taya huɗu idan girma ya canza, kuma mai gajeren gefe ta fi tsada, sau da yawa tayoyin sun fi rim ɗin kuɗi. Sai noti 20, zobe 4, sababbin bawul, ɗaurawa, balansi da alaimen. Motocin Amurka daga 2008 suna da na'urar lura da iskar taya, a Camry tana manne da bawul ta ciki, dole a ciro ta a hankali a mayar a sabon rim, in ba haka ba fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba. Haɗa duka wannan, ka cire abin da za a ba ka a tsohon saitinka idan musaya za ka yi da ciko, sannan ka kwatanta da na kasuwa. Idan ribar kawowa da kanka ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba, na kasuwa ya fi, don shi ka gwada shi da hannunka. Idan saitin hannu ya zo da tayoyi, karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya, su ne lokacin ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya kada a sa maka ita a lissafi.

A wajen ciniki, tambayi shaguna uku a kan awo ɗaya kafin ka taya. Kowane aibin da ka gani, gogewar leɓe, rashin murfin tsakiya, rashin noti, dalilin ragi ne. Idan aka ce albarka, ka nemi a haɗa da zobe da noti maimakon rage kuɗi, sun fi sauƙin sallamawa a haka.

Ranar ɗaurawa

Noti ba ɗaya ba ne. Na rim ɗin Toyota na asali mazauninsa shafaffe ne mai wanki, na Honda mai zagaye ne kamar ƙwallo, yawancin rim na kasuwa kuma mai tsini ne na digiri 60. Idan aka sa wanda bai dace ba, a siririn layi kawai zai kama, ya ci ramin, ya kwance. Zaren ma ya bambanta: Toyota da Honda M12x1.5, Nissan M12x1.25. Noti ya shiga aƙalla zagaye 8 kafin ya kama. Ajiye tsofaffin noti biyar a but saboda safaya, don sababbin ba lalle su dace da ita ba, ka kuma tabbatar sifanar motar tana shiga sababbin ramukan, wasu matsattsu ne.

A goge tsatsar fuskar hob da burushin waya, a sa zobe, a fara kowane noti da hannu, a ɗaure a tsallake kamar zanen tauraro. Kada a shafa wa bol mai ko giris, kada a bar yaron shago ya hau sifana da ƙafa ko ya ƙarasa da bindigar iska. Camry da Corolla ƙarfin ɗauri na 103 Nm suke so, Accord 108 Nm, da sifana mai awo. A yi amfani da dalmar mannawa ta ciki, ta bugawa tana kankare fenti. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a koma a sake bin notin duka ashirin da sifanar awo, domin sabon aloi yana ɗan zama bayan ya sha zafin birki.